Yadda ake tsara ƙashin ginin bincike na jami'a: daga na'ura ake farawa

Ina shekara ta huɗu da fara aiki wata malama mai binciken ƙwayoyin halitta ta aiko a kira ni hawa na uku na wani gini da hannuna ke cikin lissafinsa. Na hau matakala ina zaton tsagewa zan tarar a bango. Ko kallon bango ba ta yi ba. Zaunar da ni ta yi gaban maikiroskof, na'urar nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ta ce, "Injiniya, sa idonka nan, kada ka ɗago." Sannan ta leƙa ta ce wa ɗalibinta ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo. Abin da nake kallo yana tsaye cak, sai ga shi yana rawa, kowane taku da rawarsa, har yaron ya wuce. Ƙafata ba ta ji komai ba, ruwan da ke cikin kwalba a kan tebur bai ko motsa ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai dekin ɗin nan zai ɗauki ninkin abin da ke kansa." Ta ce, "Ni ban ce zai faɗi ba. Cewa na yi ba na iya aiki a kansa."

Laifina ne, kuma a fili yake. Na lissafa wannan dekin yadda ake lissafa na ofis: kada ya karye, kada ya lotsa har ido ya gani. Ginin bincike kuwa yana da maigida na biyu bayan ɗan Adam, wato na'ura, kuma ita ta fi mutum tsirfa nesa ba kusa ba. Duk abin da zan faɗa a nan game da fandisho, fila, bim da dekin, waɗanda nake kira ƙashin gini, daga wannan zaman ya samo asali.

Kafin ka buɗe kwamfuta

Ɗauki littafi da biro ka je wurin waɗanda za su shiga ginin. Kada ka tsaya kan shugaban sashe kawai, nemi mai kula da ɗakin gwaji, wanda ke kunna na'urori da safe ya kashe su da yamma. Shi ya san wadda ke zafi, wadda ke ƙara, da wadda aka taɓa cire ƙofa kafin ta shiga. Kowace na'ura ka ba ta layinta: nauyinta idan an cika ta, a kan ƙafa nawa take tsayawa, girman akwatin da za ta zo a ciki, ko tana haifar da girgiza, ko tana gudun girgiza, ko akwai maganaɗisu a cikinta. Ka nemi takardar da kamfanin da ya ƙera ta ke bayarwa kan shirya mata wuri. A nan ake rubuta iyakar motsin da take jurewa, kuma idan aka kawo ta ɗakin bai cika sharaɗi ba, kamfani zai ɗaga maka wannan takarda ya zame.

Za su gaya maka abin da suke da shi yau. Abin da za su saya bayan shekara goma su ma ba su sani ba, alhali kai ana so ka yi ginin da zai kai shekara hamsin, wanda shi ne ƙiyasin da ƙa'idojin Turai ke yi wa gini irin wannan. A jami'ar MIT ta Amurka akwai wani gini da ake kira Gini na 20, na katako ne, an yi shi cikin gaggawa a 1943 da niyyar rushe shi bayan yaƙi. Bai bar wurin ba sai 1998, kuma masu bincike sun ƙaunace shi don dalili ɗaya: ba mai hana su huda bango ko fasa daɓe idan gwaji ya buƙata. Kai da kankare za ka yi naka, kuma kankare ba ya son a dawo masa daga baya. Saboda haka sassaucin da katako ya ba su kyauta, kai sai ka shirya shi tun a zane.

Tazarar filoli

Ɗakin gwaji yana da nasa ma'aunin, kuma daga teburin aiki yake fitowa. Tebur biyu suna fuskantar juna, kowane da faɗin kamar santimita 75, tsakaninsu hanya ta mita ɗaya da rabi don mutum biyu su juya wa juna baya na uku ya wuce, sai kaurin bango. Ka haɗa, za ka samu mita 3.2 zuwa 3.3. Filolinka su bi wannan adadi: ninki biyu, wato kamar mita 6.6, ko ninki uku, kusan mita 10. Fila da ta faɗo tsakiyar hanya ta kashe layin tebur guda har ranar da za a rushe ginin.

A nan za ku fara ja-in-ja da mai zanen gini, domin shi fili yake so fetal ba fila ko ɗaya. Ana iya yi, an ma yi. Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, wadda Louis Kahn ya zana, injiniya August Komendant ya yi mata lissafi, aka gama a 1965, ɗakunanta sun kai faɗin mita 20 babu fila a tsakiya. Amma dubi abin da aka bayar kafin a samu haka: a saman kowane ɗaki akwai manyan bim na kankare masu tagogi, zurfinsu kusan mita 2.7, har sun zama wani hawa na daban da masu gyara ke tafiya a ciki tsakanin bututu. Wato kusan gini biyu aka yi don a zauna a ɗaya. Idan jami'ar da kake wa aiki ba ta shirya wa wannan ba, riƙe tazararka kusa, don tazara ita ce uwar girgiza.

Girgiza, inda aikin yake

Ana auna ta da saurin motsin daɓe, maikiromita nawa a daƙiƙa. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ofis ana yarda masa har 400. Wajen 100 ne jikin mutum ke daina ji, kuma shi ne ma'aunin ɗakin tiyata. Daga nan zuwa ƙasa sai matakan da Eric Ungar da Colin Gordon suka tsara a shekarun 1980 don masana'antun ƙananan kayan lantarki, waɗanda ake kira VC. Matakin A shi ne 50, ya ishi maikiroskof na yau da kullum da sikeli mai auna ƙanƙanin nauyi. B shi ne 25, C 12.5, D kamar 6, E kamar 3, kowane rabin na gabansa. Maikiroskof mai aiki da ilektiron can wajen D yake nema. Ka lura, duk waɗannan matakai suna ƙasa da abin da tafin ƙafarka zai ji, shi ya sa na tsaya ina musu da malamar nan a kan abin da ba ni da gaɓar jin sa.

Babban mai laifi a hawan sama shi ne takun mutum. Muna taka ƙasa kamar sau biyu a daƙiƙa, kowane dekin kuma yana da nasa saurin kaɗawa, kamar fatar ganga. Idan kaɗawar dekin ta yi daidai da taku, ko ninkinsa biyu, uku, ko huɗu, kowane taku zai ƙara wa na baya ƙarfi. Shi ya sa ake so dekin ɗakin gwaji ya riƙa kaɗawa sama da sau takwas zuwa goma a daƙiƙa, inda taku ba ya iya kama shi su yi amo ɗaya.

Ga lissafin da nake yi a bayan ambulan tun a zaman farko. Nemo yawan milimitar da dekin zai lotsa a tsakiya saboda nauyin kansa da abin da ke zaune a kansa dindindin. Nemo tushen murabba'in wannan adadi, ka raba 18 da shi, amsar ita ce sau nawa dekin ke kaɗawa a daƙiƙa. Idan lotsawar milimita 20 ce, amsa kamar huɗu ce, wannan dekin ofis ne. Idan milimita biyar ce, amsa takwas, ka fara shiga hanya. Wannan ba ya maye gurbin cikakken bincike a kwamfuta, amma yana hana ka ɓata wata guda kan tsarin da tun asali ba zai yi ba.

Abin da ke gyara lamarin uku ne: rage tazara, ƙara kauri, ƙara nauyi. Tazara ta fi kowanne tasiri, don idan ka ninka ta biyu ba ka taɓa kauri ba, lotsawa sau goma sha shida take ninkawa. Kauri shi ma ba baya ba: daga milimita 250 zuwa 300, taurin dekin yana ƙaruwa da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Ƙara rodi kuwa, wanda shi ne abin da hannun matashin injiniya ke fara kaiwa, ƙarfi yake ƙarawa, girgiza ba ta cika kula shi ba. Ni dai a ginin bincike kankare mai kauri na fi so, saboda nauyinsa yana shanye taku. Ƙarfe ma yana yi, sai dai za ka ga bim ɗin ya fita girman da ɗan kwangila zai tambaye ka ko jirgin ƙasa za a ɗora. Ka shirya amsarka a rubuce, don a ranar da aka zo rage kashe kuɗi wannan kaurin za a fara nuna wa yatsa.

Akwai kuma maganin da ba ya cin ko buhun siminti ɗaya, wato wurin ajiye abu. Tsakiyar dekin ta fi ko'ina motsi, gindin fila ya fi ko'ina natsuwa. Baranda mai tsawo miƙaƙƙiya tana sa mutane sauri, kuma mai sauri ya fi mai tafiya a hankali girgiza daɓe da yawa. To, sa baranda a nata gajeren tsakanin filoli, kada ta raba dekin ɗaya da teburin maikiroskof. Na'urorin da ke neman D ko E kuwa kada ka wahalar da kanka, sauko da su hawan ƙasa, a zuba musu katafaren kankare a kan ƙasa, a yanke tsakaninsa da sauran ginin da rata. Ka san dai ratar nan takun mutane da motsin ginin take tarewa. Girgizar da ke biyo ƙasa daga titin manyan motoci ko layin dogo ta ƙarƙashi take shigowa. Don haka tun kafin a tsayar da wurin gini, a kawo na'urar auna girgiza a dasa a filin, ta kwana ta yini, a ga abin da ƙasar ke yi da asuba da abin da take yi lokacin cunkoso.

Janareta, famfunan ruwa, injinan sanyaya gini da manyan fankoki, a nisanta su, a ɗora su kan sifirin. Kuma a koma a duba. Na taɓa bin sawun wata girgiza kwana biyu, ashe guntayen katakon da aka cusa cikin sifirin don kada inji ya yi lilo a mota ne ba a cire ba. Bututun da ya fito daga inji aka ɗaure shi tamau a bango shi ma haka yake, ya ƙetare sifirin ya kai saƙo.

Nauyi

Kilonyutan ɗaya kamar kilo ɗari ne. Ofis ana ba shi 2.5 zuwa 3 a kowace murabba'in mita. Ɗakin gwaji ina ba shi 4 zuwa 5, in ƙara kamar 1 don bangon da za a matsar nan gaba, in ƙara wani abu don bututu da wayoyin da za a rataya a ƙasan dekin. Ma'ajiyar littattafai ko samfura ta wuce 7. Wannan duka mai sauƙi ne, yana cikin kowace ƙa'ida. Abin da ba ya ciki shi ne halin masu bincike. Firizar nan mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta haura kilo 300 tun ba a sa mata komai ba, a kan ƙananan tayoyi huɗu take tsaye, kuma ba a taɓa sayen guda ɗaya a tsaya ba. Jera su ake yi a ɗaki ɗaya. Tankin ruwa mai zurfin mita ɗaya yana danna kowace murabba'in mita ta daɓe da kilonyutan 10. Darmar da ake kare haske mai cutarwa da ita ta ninka ruwa nauyi fiye da sau goma sha ɗaya. Sannan ka bi hanyar da kaya za su shigo, daga inda mota za ta tsaya, zuwa ƙofa, zuwa lif, zuwa kwanar baranda. Dekin baranda ma sai ya ɗauki na'urar ranar da za a gungura ta. Inda ba za ta wuce ba, bar bangon da ake iya cirewa, ka nuna shi a zane.

Rufi kuma ka ɗauke shi a matsayin cikakken hawa. Iskar ɗakin da ake aiki da sinadarai ba a mayar da ita ciki, fitar da ita ake yi gaba ɗaya, saboda haka injinan iska manya ne, bututun hayaƙin kuma ƙa'idar Amurka ta ce ya ɗara rufi da aƙalla mita uku. Guguwa tana kama irin wannan bututu kamar tuta, gindinsa yana buƙatar abin riƙewa na gaske.

Huda

Wannan yawan iska shi ke sa tsayin hawa ya kai mita 4.2 zuwa 4.8, don fiye da mita ɗaya na saman silin na bututu ne. Shi ne kuma ke sa da yawanmu zaɓar dekin shafaffe marar bim, wanda ke zaune kai tsaye a kan filoli, don bututu su wuce ba sunkuyo. Yana da kyau, amma rauninsa wuri ɗaya ne: gindin da ya haɗu da fila. Idan nauyi ya fi ƙarfinsa, fila ce ke huda shi ta ɓullo sama kamar yatsa a takarda, ba tare da dogon gargaɗi ba. Babban kantin Sampoong na birnin Seoul a Koriya ta Kudu irin wannan dekin ke gare shi. An ƙara masa hawan da ba ya cikin tsarin farko, an ja manyan injinan sanyi a kan rufinsa, a watan Yunin 1995 ya rufta, mutum 502 suka mutu. Ba ginin bincike ba ne, amma ƙarin nauyi bayan gini da jan injuna a rufi aikin kullum ne a ginin bincike.

Abin takaici, gefen fila nan ne inda mai aikin famfo ya fi son saukar da bututunsa, don ya ɓoye. Tun ran gini, ran zane. Zauna da injiniyan ruwa da iska, ku yarda kan ramuka biyu ko uku a gefen kowace fila, ka lissafa dekin da ramukan a jikinsa, ka sa rodi na musamman kewaye da su, a bar su a toshe ko ba a buƙatarsu yau. Sauran dekin ka raba shi a zane: nan ana iya hudawa, nan sai an tambayi injiniya, nan ko kusa. Na taɓa tarar da wani ya yanke rodi uku da injin huda taku ɗaya daga fila, da na yi magana ya ce ai ba wanda ya gaya masa. Gaskiyarsa. Idan kuma dekin mai wayoyin ƙarfe ne da ake ja su ɗaure bayan kankare ya yi ƙwari, a shafa fenti a ƙasansa a nuna inda kowace waya ta bi. Ni ina ɗari-ɗari da irinsa a ɗakin gwaji, don amfaninsa sirantaka ce, sirantaka kuwa ita muke gudu.

Maganaɗisu

Na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da 'yar'uwarta NMR ta masu ilimin sinadarai suna da maganaɗisu mai ƙarfi, kuma tarin ƙarfe kusa da su yana karkatar da aikinsu. Kamfani zai ba ka iyakar ƙarfen da zai zauna a ƙarƙashi da kewaye. Wani lokaci sai an koma rodin da maganaɗisu ba ya kamawa, ko na zaren gilas. Ƙarfe mai motsi ya fi na tsaye illa, don haka lif da wurin ajiye motoci su yi nesa. Ka tuna ƙarfin maganaɗisu bai san dekin ba, yana ratsawa sama da ƙasa, kuma layin gaus biyar (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) da aka saba shatawa don kare masu na'urar bugun zuciya yana iya faɗawa ɗakin da ke samansa.

Sauran, a gurguje

A haƙa ramukan gwajin ƙasa kafin a zaɓi fandisho, kada a ari sakamakon ginin maƙwabta. Abin tsoro shi ne wani ɓangare ya fi wani nutsewa, musamman inda hawa ɗaya mai nauyi ya jingina da bene mai tsawo, ko inda ƙasar yumɓu ce mai kumbura da ruwa. Bangon kankare na lif da matakala su riƙe ginin daga iska da girgizar ƙasa, ka tura su gefe don tsakiya ta zauna a sake. Gini mai tsawon mita 60 yana miƙewa kamar milimita 20 idan zafi ya canza da digiri 30, a ba shi ratar numfashi. Ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a zafin digiri 550 zuwa 600, ga shi gini ne cike da sinadarai masu kamawa da tukwanen gas, saboda haka a lulluɓe shi. A kuma ɗaure gaɓoɓin ginin da juna yadda rasa fila ɗaya ba zai ja sauran ba. Wannan darasi daga Ronan Point na Landan aka koye shi a 1968, inda fashewar gas a hawa na 18 ta zubar da kusurwa guda ta bene mai hawa 22.

A wurin aiki, ka je da kanka ranar da aka gama ɗaura rodin gindin fila, kafin a zuba kankare. Rodin sama shi ke riƙe da wurin, kuma shi ne leburori ke takawa ya kwanta ƙasa. Sa tef ka auna. A jiƙa kankare aƙalla kwana bakwai, kada a cire tokara da wuri, don dekin da ya tsattsage tun yana ɗanye ya rasa taurin da ka lissafa, ko da gwajin ƙarfin kankare na kwana 28 ya fito lafiya. Bayan an gama, kafin na'urori su iso, a sake kawo ma'aunin girgiza, a sa mutum ya yi ta kai-komo a baranda, a rubuta abin da aka samu a kan taswirar kowane hawa, a miƙa wa mai kula da ginin.

Irin wannan awon muka yi wa malamar nan daga baya. Muka tarar teburinta yana daidai tsakiyar dekin, inda motsi ya fi yawa. Muka ja shi kamar mita uku zuwa gindin fila, aka sa masa ƙafafu masu matashin iska. Ta sake aiken ɗalibin ya taka baranda, ta daɗe idonta a kan na'ura, sannan ta ɗago ta ce, "To, Injiniya, wannan ta zauna. Amma babbar da muka yi oda fa, a ina za ka sa min ita?" Ita kam sai da aka fasa daɓen wani ɗakin ajiya a hawan ƙasa aka zuba mata nata kankaren.